Hatiman Soja a Jikin Tsofaffin Ƙananan Bindigogin Turai da ke Ƙasar Hausa: Yadda Ake Karanta Su da Iyakar Abin da Suke Faɗa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara ga rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, da rahotannin Turawa, da kuma labarun da ake ji daga bakin dattawa. Akwai wata shaida kuwa wadda ba a cika waiwayarta ba, watau tsofaffin makaman da aka gada kaka da kakanni, waɗanda ke ajiye a gidajen sarauta da na mafarauta da na tsofaffin soja. Daga cikin waɗannan makamai har da ƙananan bindigogi ƙirar Turai, masu ƙyastu da kuma libarba, kuma da yawansu suna ɗauke da haruffa da lambobi da ƴan zane-zane da aka buga a jikin ƙarfensu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake rarrabe waɗannan hatimai, musamman hatimin rundunar soja, sa'an nan a nuna iyakar abin da za a iya cirowa daga gare su. Abin da nake so in tabbatar shi ne, hatimi yana faɗin inda bindiga ta fara rayuwarta, amma ba ya faɗin yadda ta iso hannun mai ita na yanzu. Wanda duk ya haɗa waɗannan abubuwa biyu ya mai da su ɗaya, to, zai rubuta tarihin da bai auku ba. An ɗauki yankin Birnin Kudu da Gwaram, da ƙauyukansa irin su Surko, a matsayin madubi, domin wuri ne da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka ratsa ƙwarai.

2.0 Hanyoyin da Bindigogi Suka Biyo

Kafin a karanta hatimi, wajibi ne a san ƙofofin da bindiga za ta iya shigowa ta cikinsu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa. Duk da haka bindiga ba ta yawaita ba. A 1826 Kilafatan ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir, mutum dubbai, amma bindigogin da ke cikinta arba'in ne da ƴan kai. Ƙaramar bindiga kuwa kayan manya ce. A cikin kyautar da Kilafatan ya miƙa wa Bello a 1824 akwai ƙananan bindigogi masu baki biyu. Shi kuma Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya lura cewa takubba ne ke shigowa kasuwa da yawa, ƙananan bindigogi kuwa a keɓe fatake kan sayar wa sarakuna da manyan gari.

Ƙofa ta farko ita ce ta Sahara, daga Tarabulus zuwa Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram, har Kano. Sarkin Damagaram Tanimu (1851-1884) ya tara bindigogi ta wannan hanya, har ma aka riƙa ƙera igwa a Zinder. Ta biyu ita ce ta Kwara, inda Etsu Masaba na Nufe (1859-1873) ya riƙa saye daga Turawa ƴan ciniki. Ta uku ta gabas ce, watau ta Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. Ta huɗu ita ce ta sojan mulkin mallaka, tun daga cin Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 har zuwa dawowar ƴan mazan jiya daga yaƙin duniya na biyu.

Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Kano ne a wancan zamani, kuma su ne ke bakin iyaka da Ningi, wadda mayaƙanta suka shekara kusan hamsin suna kawo hari a kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi ta wannan fuska. Haka kuma a Yaƙin Basasar Kano (1893-1895) Yusufawa sun yi sansani a Takai, wadda ba ta da nisa da Birnin Kudu, kuma Sarki Alu da ya hau daga cikinsu, laƙabinsa ma Mai Sango ne, sango kuwa mashi ne da ake ɗurawa a bindiga. Saboda haka bindigar da aka samu a wannan yanki tana iya kasancewa ta biyo kowace ɗaya daga cikin ƙofofin nan huɗu.

3.0 Hatimai Iri Huɗu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kowane rubutu da ke jikin bindiga a matsayin sunan rundunar da ta riƙe ta. Hatimai iri huɗu ne, kowanne da mai buga shi da lokacin da ake buga shi.

3.1 Hatimin maƙera. Wannan shi ne sunan wanda ya ƙera, ko gidan ƙirar, alal misali Webley a Barminham ta Ingila, ko gidan ƙirar gwamnatin Faransa da ke Saint-Etienne, ko haruffan DWM na wani kamfanin Jamus. Ana samunsa a farantin ƙarfen da ke ɗauke da kunama, ko a saman bututu.

3.2 Hatimin gwaji. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙasashen Turai akan ɗura wa bututun sabuwar bindiga albarushi fiye da kima a harba, idan bai fashe ba sai a buga masa shaida. Gidan gwaji na Barminham an kafa shi a 1813, kuma daga nan zuwa 1904 hatiminsa sandunan sarauta biyu ne a gicciye da kambi a samansu, ɗaya da haruffan B, P, C, ɗaya da harafin V. Na Landan kambi ne a kan GP, da kambi a kan V. Na garin Liyej a Beljiyam haruffan E, L, G ne da tauraro cikin da'ira mai siffar ƙwai, tun wajen 1811, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. Wannan hatimi yana da amfani wajen sanin ƙasa da zamani, amma ba ruwansa da soja, domin bindigar farauta ma ana buga mata.

3.3 Hatimin mallakar gwamnati. Na Ingila shi ne alamar kan kibiya mai layi uku, wadda ta yi kama da sawun kaza. Kafin 1855 takan zo tare da haruffan BO, bayan nan kuma da WD. Idan aka ga kibiya biyu suna fuskantar juna kai da kai, to, gwamnati ta sallami bindigar ta sayar da ita. A bindigogin Italiya kambi ne a kan RE domin sojan ƙasa, RM domin na ruwa, RA domin na sama.

3.4 Hatimin runduna. Wannan ne na ƙarshe da ake bugawa, kuma ba a gidan ƙira ake yinsa ba. Mai kula da makaman runduna ne yake buga shi da hannu, harafi bayan harafi, domin a san ta wane ne idan ta ɓace. Don haka sau da yawa haruffansa ba su miƙe sosai ba, zurfinsu ma ba ɗaya ba ne. Wannan karkacewa ita ce alamar farko da mai nazari zai gane shi da ita.

4.0 Karanta Hatimin Runduna

4.1 Jamus. Jamusawa sun fi kowa tsari a wannan fanni, domin suna da rubutacciyar doka a kan yadda za a buga, wadda aka sabunta a 1909. A libarbarsu ta 1879 da ta 1883, da kuma bindigar Luger da sojan ƙasa suka ɗauka a 1908, akan sami hatimin a ƙarfen da ya kewaye mariƙi. Tsarinsa kuwa shi ne lambar rajimanti, sai harafin irin aikinta, sai lambar kamfani, sai lambar ita bindigar, da ɗigo a tsakanin kowanne. Harafin R na sojan ƙasa ne, A na igwa, P na masu gina gada da haƙa rami, T na masu jigilar kaya, J na maharba. Haruffan U da H da D kuwa na sojan doki ne iri uku. Idan B ya zo a gaba, rundunar ta ƙasar Bafariya ce.

Mu ƙaddara an sami libarba mai ɗauke da 13.U.2.45. Ma'anarsa ita ce rajimanti ta 13 ta mahaya masu māsu, kashi na 2, bindiga ta 45. Wannan rajimanti a garin Hanoba take zaune. A nan akwai abubuwa biyu da za a kiyaye. Na ɗaya, siffar harafi tana sauya ma'ana, domin R da aka buga a tsaye daban yake da R mai lanƙwasa irin na rubutun hannu, wanda ke nufin rundunar ko-ta-kwana. Saboda haka ba ya isa a rubuta harafi kawai, sai an zana shi yadda yake. Na biyu, idan aka mai da bindiga wata runduna, akan soke tsohon hatimi da layi ko da alamar X, a buga sabo kusa da shi. Hatimin da aka soke ba shara ba ne, shi ne shafin farko na tarihin bindigar. Haka nan lambar 1920 da ake gani a kan wasu Luger, a saman shekarar ƙira, shaidar mallakar gwamnati ce da aka buga bayan yaƙin duniya na farko.

Sojan Jamus na ƙasashen mallaka suna da nasu haruffan. Sch. D.O.A. na rundunar Afirka ta Gabas ce, K.S. kuwa an fi saninsa a makaman Afirka ta Kudu maso Yamma. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sojan Nijeriya sun kara da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a Yuni 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairu 1916, sa'an nan sun yi yaƙi a Afirka ta Gabas, har da gumurzun Mahiwa na Oktoba 1917.

4.2 Ingila. A tsofaffin ƙananan bindigogi masu ƙyastu na gwamnatin Ingila akan ga kalmar TOWER, da kambi a kan haruffan sarkin zamanin. GR na sarakuna huɗu ne masu suna Joji da suka yi mulki daga 1714 zuwa 1830, WR na Wiliyam na huɗu (1830-1837), VR na Sarauniya Biktoriya (1837-1901). Hatimin runduna yakan kasance a kan bututu ko a tagullar da ta kare kunama, kamar lamba tare da L.D. ko D.G., waɗanda sojan doki ne, sai harafin kashi a sama da lambar bindiga a ƙasa. A libarbar Webley, wadda aka fara rabawa a 1887, ta shida a jerinta kuma ta fito a 1915, akan buga a bayan mariƙi, kamar R.F.A. domin sojan igwa ko R.E. domin injiniyoyin soja, wani lokaci tare da wata da shekarar da aka ba da ita.

Sunayen rundunar da Ingila ta kafa a ƙasarmu su ma ma'auni ne na zamani. Lugga ya kafa rundunar W.A.F.F. a 1897. Daga 1900 sashenta na Arewa yana da sunansa dabam, har 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa aka sami rajimanti ɗaya ta Nijeriya. A 1928 ne aka ƙara harafin R a gaban sunan, ya zama R.W.A.F.F. Don haka duk makamin da ke ɗauke da wannan R ba zai yiwu a ce an buga masa hatimin a lokacin cin Kano ko yaƙin Burmi na 1903 ko na Haɗeja na 1906 ba.

Akwai wani abu kuma mai muhimmanci. A wancan zamani hafsoshin Ingila da kuɗinsu suke sayen libarbarsu. Irin wannan libarba ba ta da kibiyar gwamnati, ba ta da hatimin runduna, sai dai sunan kantin da aka saye ta a Landan, wani lokaci da sunan mai ita. Ke nan rashin hatimin soja ba ya kore cewa bindiga ta je yaƙi, har ma yana iya zama alamar cewa ta hafsa ce.

4.3 Faransa. Faransawa ba kasafai suke buga sunan runduna a libarba ba. Abin da ake samu a libarbarsu ta 1873 da ta 1892 shi ne sunan gidan ƙira, da shekarar ƙira a jikin bututu bayan harafin S, da lambar jeri mai harafi a gabanta. Alamar ƙugiyar jirgin ruwa tana nuna sojan ruwa. A tsofaffin bindigogi kuwa, taƙaitacciyar kalmar da ke bin sunan gidan ƙira tana nuna irin mulkin da ake yi, Rle lokacin sarauta, Imple lokacin Nafoliyon na ɗaya ko na uku, Nle lokacin jamhuriya.

4.4 Italiya. Sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A bindigar Beretta ta 1934 akan ga shekara iri biyu, ta miladiyya da kuma wata da lambobin Rumawa, wadda ake ƙirgawa daga Oktoba 1922 da Musolini ya karɓi mulki. Alal misali XVIII ta faro ne daga ƙarshen Oktoba 1939 zuwa Oktoba 1940.

5.0 Inda Hatimi Yake Ruɗi

Ruɗi na farko shi ne na kwaikwayo. Maƙeran Barminham da na Liyej sun ƙera bindigogi masu arha dubbai domin kasuwar Afirka, kuma da yake masu saye sun yarda da kalmar TOWER, sai suka riƙa buga ta tare da kambi a kan bindigar da ba ta taɓa shiga ma'ajiyar gwamnati ba. Kama da wane ba wane ba ne. Idan farantin kunama ya ce TOWER, bututu kuma yana ɗauke da ELG, babu kibiyar gwamnati ko ɗaya, to, bindigar ƴan kasuwa ce. Yarjejeniyar Barasal ta 1890 ta ƙara wa wannan ciniki ƙarfi, domin ta hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar masu ƙyastu. Saboda haka bindiga mai ƙyastu tana iya zama ƙirar ƙarshen ƙarni na 19, ko da siffarta ta yi kama da ta shekara ɗari kafin nan.

Ruɗi na biyu daga maƙeranmu yake. Maƙerin Bahaushe ba ya yar da ƙarfe mai kyau. Yakan ciro kunamar wata matacciyar bindiga ya haɗa da bututun wata, ya sassaƙa sabuwar ƙota, ya fitar da harba-ka-ruga. Bindiga ɗaya ke nan mai iyaye uku, kuma hatimin da ke kan kunama bai shafi bututu ba. Dole a duba kowane sashe shi kaɗai, a ga ko lambobin jeri sun dace da juna.

Ruɗi na uku shi ne mafi girma, watau a ɗauka cewa rundunar da sunanta ke jiki ita ce ta kawo bindigar. Mahayan Hanoba da muka yi misali da su ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Libarbarsu tana iya zuwa ne bayan an daina yayinta an tura ta ƙasashen mallaka, ko an sayar wa dillalai, ko wani soja ya samo ta ganima. Tarihin Rabe ya isa misali. Bindigogin ayarin Bafaranshe Crampel, wanda aka kashe a 1891, sun ƙare a hannun Rabe, haka kuma ya kwashe makaman Bretonnet a Togbao a 1899. Da aka kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, aka kuma kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, mutanensa suka watsu da abin da ke hannunsu. Ashe bindiga mai hatimin Faransa tana iya zama shaidar mayaƙan Rabe, ko ta fataken Damagaram, ba lalle ta sojan Faransa ba. Abin da zai raba gardama shi ne labarin gidan da aka same ta, idan an auna shi da shekarun da hatimi ya nuna. Idan dattawa suka ce kakansu ya riƙe ta a yaƙin Ningi zamanin Maje Karofi, da'irar ELG kuwa tana da kambi, to, labarin na wata bindiga ce da ta riga wannan, domin Maje Karofi ya rasu shekara goma kafin a fara buga wannan kambi.

6.0 Yadda Ya Kamata a Yi Aikin

Da farko, a ɗauka kowace bindiga a ɗure take. Albarushi yakan shekara da yawa a cikin bututu bai mutu ba, don haka kada a ja kunama, kada a juya bakin wajen mutum. Na biyu, kada a goge tsatsa da samfefa ko toka ko yashi, domin hatimin runduna ba shi da zurfi, gogewa ɗaya tana iya share shi har abada. Tsumma mai laushi da ɗan mai sun isa. Idan haruffa sun dushe, a shafa alli a share samansa, sai farin ya zauna cikin ramin, sa'an nan a ɗauki hoto da hasken da ke zuwa daga gefe. Na uku, a kwafi komai yadda yake, da ɗigo da kambi da wanda aka soke, a kuma rubuta sashen da aka ga kowanne. Na huɗu, a ɗauki labarin masu gida tukuna kafin a gaya musu abin da hatimi ya ce. Idan aka fara cewa wannan ta Jamus ce, ba da jimawa ba labarin gidan zai sami Bajamushe a cikinsa, mai nazari na gaba kuma ya rubuta shi a matsayin gadon baka.

Akwai kuma batun doka. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, saboda haka mutane da yawa suna ɓoye abin da suka gada don tsoro. Mai nazari ya bi ta hannun hakimi da dagaci, da sanin hukuma, kuma kada ya ɗauke bindiga daga gidanta.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa hatimai iri huɗu ne, na maƙera da na gwaji da na gwamnati da na runduna, kuma kowanne yana amsa tambaya dabam. An kuma nuna cewa hatimi yana iya ƙaryata labari ta fuskar shekaru, amma ba ya iya maye gurbinsa. Abin damuwa shi ne shaidun biyu duka suna ƙarewa. Dattawan da suka san labarin suna rasuwa, ƙarfen kuma tsatsa tana ci, wani a sayar wa dillalan kayan tarihi, wani a kai maƙera.

Shawarata ita ce sassan tarihi da na Hausa na kwalejojin ilimi su haɗa kai da masarautu da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa, a buɗe rajistar tsofaffin makamai gunduma gunduma, a fara da Birnin Kudu da Gwaram. Kowace bindiga a ba ta shafi guda mai hoto da kwafin hatimai da labarin masu ita, a ajiye kwafe ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano. Ɗaliban da ke zuwa koyon aikin koyarwa a ƙauyuka suna iya ɗaukar wannan aiki idan an horar da su na ƴan kwanaki. Idan shafuka suka taru aka jera su, sa'an nan ne za a iya ganin ko makaman kudancin tsohuwar ƙasar Kano sun fi biyo Sahara, ko Kwara, ko gabas.